Minbarin da ya nema musu ƙuri'a shi ya kamata ya fara tambayarsu

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan Arewa da muke karatu a nan Abuja da sauran jami'o'in ƙasar nan. Rubutun yana da tsawo, kuma na san data ta yi tsada. Wanda ba zai iya kai wa ƙarshe ba, don Allah ya haƙura da sharhi, domin yawancin faɗan da muke yi a dandalin nan daga karanta layi biyu na farko yake tasowa.

Maganata ɗaya ce. Idan an yarda a hau minbari a ce mana ga wanda za mu zaɓa saboda addini, to dole a yarda a hau wannan minbarin a tambayi wanda aka zaɓa ina amanar da aka ba shi. Kuma 'yancin da muke nema wa kanmu na mu yi magana ba a kama mu ba, ba za mu same shi ba muddin muna tafi duk ranar da aka hana wanda ba mu so.

Bari mu fara daga inda kowa ya yarda. Ƙasar nan ta ja baya, kuma ɗalibi ba ya buƙatar wani farfesa ya gaya masa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a nan Abuja. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar da buhun shinkafa ya fi wannan kuɗin. Tun kafin duk wannan, a 2022, hukumar ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma miliyan 86 daga cikinsu 'yan Arewa ne.

Mu da muke digiri na biyu mun san fassarar waɗannan lambobi. Akwai wanda yake zabga lissafi kafin ya fito daga Gwagwalada ko Zuba ko Nyanya, ko kuɗin motar yau zai bar masa na abincin rana. Akwai wanda ya jingine bincikensa saboda garin da zai je tattara bayanai hanyarsa ba ta biyuwa. Akwai waɗanda muka fara da su suka ajiye karatun suka koma sayar da kaya a waya. Ƙannenmu kuwa yajin aikin ASUU ya cinye musu wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Duk wannan babu gardama a kai. Gardamar tana farawa ne idan ka tambayi wa ke da alhaki, sai wani ya ce maka ka yi haƙuri, jarrabawa ce daga Allah. Haka ne, komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma ranar da ake neman ƙuri'armu ai ba a ce mu zauna a gida mu jira ƙaddara ba. Cewa aka yi mu fito, mu yi layi cikin rana, mu kare addini.

Ku tuna abin da ya faru a Apo. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane, aka kwashe da dama zuwa daji, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a Oktoba. Juma'ar da ta biyo bayan harin, 1 ga Afrilu, Shaikh Nuru Khalid, limamin masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo, ya hau minbari ya soki gwamnatin Buhari a kan kashe-kashen da ake yi, ya ce talaka ya gindaya wa 'yan siyasa sharaɗin tsaron ransa kafin ya fito zaɓe. Washegari kwamitin masallacin, ƙarƙashin Sanata Sa'idu Ɗansadau, ya dakatar da shi. Bayan kwana biyu aka sallame shi gaba ɗaya. Laifinsa, a cewarsu, huɗubar tana tunzura jama'a.

Kana iya samun saɓani da Shaikh Nuru a kan salonsa, ko a kan maganar ƙin fita zaɓe. Ni ma ban yarda mutum ya ƙaurace wa akwati ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Bayan wata uku kacal APC ta fito da tikitin Musulmi da Musulmi, Tinubu da Shettima. Daga nan har ranar 25 ga Fabrairu 2023 babu irin wa'azin siyasar da ba mu ji ba. An yi a masallatai, an yi a majalisun karatu, an yi bidiyo an watsa a WhatsApp. A ɗaya ɓangaren ma haka aka yi, coci-coci suka zama wuraren kamfen, fastoci suka riƙa faɗa wa mabiyansu wanda za su zaɓa. A duk tsawon wannan lokaci, limami nawa kuka ji an kora saboda ya shigo da siyasa masallaci? To ashe siyasar ba ita ce matsalar Apo ba. Matsalar ita ce siyasar ta taɓa masu zama a sahun gaba.

Wannan shi ne abin da nake so mu gane. A ƙasar nan babu wanda yake hana addini shiga siyasa. Abin da ake hanawa shi ne addini ya yi tambaya. In zai yi rakiya zuwa rumfar zaɓe, marhabin da shi, har da kujerar Makka. In zai tambayi kuɗin tsaro ina suka shiga, sai a tuna masa cewa masallaci wurin ibada ne.

Sai Agustan 2024 ya zo. Yunwa ta kai inda ta kai, matasa suka sa ranar 1 ga wata za su fito kwana goma. A ƙarshen Yuli shugaban ƙasa ya gana da gwamnoni da sarakuna da malamai a fadarsa, kuma a waɗannan makonni muka ji huɗubobi da yawa suna cewa kada a fita. Wasu malaman tsoron fitina ne ya sa su magana, kuma tsoronsu yana da tushe, domin mun ga abin da ɓata-gari suka yi a Kano na fasa wurare da kwasar kayan jama'a. Wanda ya fasa shagon talaka ɗan uwansa ɓarawo ne, babu wani suna da za a canza masa. Amma ku tuna yadda matasa suka mayar wa malamai martani a wannan dandalin. Ban taɓa ganin yaran Arewa sun yi wa rawani irin wannan tsaurin ido ba. Abin bai yi mini daɗi ba, kuma bai kamata ya yi wa kowa daɗi ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yaron da aka ce masa zaɓen nan jihadi ne, da yunwa ta kama shi ya waiwayo wurin wanda ya faɗa masa haka yana jiran ya ji an yi wa gwamnati tsawa, sai ya ji shi ake yi wa.

A nan Abuja kotu ta taƙaita masu zanga-zanga a filin wasa na Moshood Abiola, waɗanda suka nufi Dandalin Eagle aka tarbe su da barkonon tsohuwa. Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a faɗin ƙasar, 'yan sanda suka musanta. Amma abin da ba wanda ya iya musantawa shi ne abin da kyamara ta ɗauka ranar 1 ga Nuwamba 2024 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. An shigo da mutum 76, da yawansu yara ƙanana da aka kwaso daga Arewa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Duk mun ga hotunan. Ƙasusuwan wuya a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Tuhumar da ake musu har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan iya kai wa ga kisa. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Yaron da ya fito saboda babu garin tuwo a gidansu, shi ne zai kawo miliyan goma.

Kwana uku bayan nan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, washegari mataimakinsa ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna a fadar gwamnati. Mun gode wa Allah da suka koma gida. Amma mu tambayi kanmu, mene ne ya fitar da su? Wata uku suna tsare, ba su da kowa. Abin da ya fitar da su shi ne bidiyo ya fita, mutane suka yi ca, lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi, Musulmi da Kirista, 'yan Kudu da 'yan Arewa, suka ƙi yin shiru. Wato 'yancin magana, wannan da wasunmu suke yi wa kallon kayan Turawa, shi ne ya ceci 'ya'yan talakawan Kano daga kurkuku.

Kuma wai wa ya ce kayan Turawa ne? Mu koma tarihinmu. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin sallar layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa. A maimakonta ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ku sake karanta jerin nan a hankali. 'Yancin faɗar abin da ka yi imani da shi, 'yancin taruwa a saurara, sakin waɗanda aka tsare, rage wa talaka nauyi. Malami ne a gaban sarki mai takobi, ya mayar da zinariya ya nemi haƙƙin jama'a. Daga baya a Kitabul Farƙ ya zayyana zaluncin masu mulkin zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, da harajin da ba shi da tushe, da ƙwace dukiyar mutane, da cin hanci a wajen shari'a. Da sarakunan Gobir na baya suka fara taƙaita wa'azi da matsa wa jama'arsa, ƙarshenta hijira aka yi zuwa Gudu a 1804. Daular da muke alfahari da ita daga rikicin hana magana ta faro.

Haka kuma a zamanin NEPU. Tun daga 1950 mutanen Malam Aminu Kano suke shan ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda sun yi taro ko sun ambaci sunan mai sarauta ba da ladabin da ake so ba. An kira su marasa kunya, an kira su 'yan tawaye, an ce sun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama tun tana yarinya. Malam Aminu kuwa ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri ne, da ilimin addinin ya riƙa kare talaka. Yau filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa sunansa suke ɗauke da shi, kowane ɗan siyasa yana son a ce shi magajinsa ne. Da yana raye yana da shafi a Facebook, wallahi da yawa daga masu yabonsa su ne za su fara cewa a kama shi.

To yanzu bari in zo kan namu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan Arewa muna da wata ɗabi'a, ba ma tambayar me aka yi wa mutum sai mun fara tambayar shi wane ne. Ɗan wace ƙungiya ne, ɗan wace jam'iyya, wane malami yake bi. In namu ne, zalunci ne. In ba namu ba ne, shi ya ja wa kansa.

A Disamban 2015 sojoji suka yi arangama da 'yan Shi'a a Zariya. Gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma ina da saɓani mai zurfi da su, har da yadda suke tare hanya. Amma tare hanya hukuncinsa ba kisa ba ne, kuma ko kisa ne, kotu ce take yankewa. Mutane nawa ne a cikinmu suka yi murna a lokacin? A Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a saki Zakzaky da matarsa, gwamnati ta yi biris, sai a Yulin 2021 wata kotu a Kaduna ta sallame su. Sambo Dasuki ma shekara huɗu ya yi a tsare duk da belin da kotuna suka riƙa ba shi. Aka yi shiru, saboda mai mulkin namu ne. Ranar da gwamnati ta gane za ta iya take umarnin kotu jama'a su yi mata tafi, ranar ta koyi darasin da za ta karanta a kan kowa.

A daren 2 ga Agusta 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata a ƙofar gidansa a Barnawa, Kaduna. Malamin jami'a ne a Dutsin-Ma, matashi kamarmu, abin da aka san shi da shi rubutu ne a soshiyal midiya. Har yau iyalinsa suna jira. Da abin ya faru, wasu cewa suka yi ai ɗan Kwankwasiyya ne, bakinsa ya yi yawa. A Yunin 2021 aka rufe Twitter wata bakwai, wasunmu suka ce madalla, ai 'yan Kudu ne suke zagin Baba a can. Watanni kaɗan bayan nan aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, ɗalibai 'yan jihar suka kasa jin muryar iyayensu. A Nuwamban 2022 aka je har Jami'ar Tarayya ta Dutse aka ɗauko ɗalibi ɗan ajin ƙarshe aka kawo shi Abuja saboda layi ɗaya da ya rubuta a kan uwargidan shugaban ƙasa. Maganar tasa ba ta ladabi ba ce, na yarda. Amma ɗaukar ɗalibi daga makaranta ba tare da iyayensa sun san inda yake ba, wannan wace doka ce? Sai da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar zanga-zanga, mutane suka yi ta magana, sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba.

Ga kuma wadda ta fi nauyi a baki. A Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci. Babu Musulmin da zai ji an taɓa darajar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ransa bai ɓaci ba. Amma a wane littafin fiƙihu aka ba taron ɗalibai ikon zama masu ƙara, su zama alƙalai, su zama masu zartarwa cikin sa'a guda? Sarkin Musulmi da kansa ya yi Allah wadai da kisan. Wani babban ɗan takarar shugaban ƙasa ya wallafa nasa Allah wadai, da ya ga ana barazanar hana shi ƙuri'a sai aka goge. A Maris 2025 kuma aka tare mafarauta 'yan Arewa 16 a Uromi ta jihar Edo, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe su a kan titi. Duk muka yi kuka, muka ce ina doka, ina kotu, don me ba a miƙa su ga hukuma ba. Tambayoyin daidai ne. Amma dokar da muke kira a Uromi ita ce dai wadda ake buƙata a Sakkwato. Ba ta da kala biyu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma a wannan magana duk wanda yake ƙarƙashin hukumar da kake ƙarƙashinta gemunsa kusa da naka yake.

Na san abin da za a rubuta a ƙasan wannan rubutu, don haka bari in amsa tun yanzu.

Za a ce ina zagin malamai. A'a wallahi. A gaban malamai na tashi, kuma duk abin da na sani na addini daga bakinsu na ji. Na kuma ga ranar da suka yi mana abin da 'yan siyasa suka kasa. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da ECOWAS take maganar tura sojoji, tawagar malamai ce ta je Yamai ta zauna da Janar Tchiani, kuma muryarsu tana cikin abin da ya sanyaya maganar yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, mutanen da suke auren juna. Wannan ya nuna suna da nauyin da gwamnati take jin tsoro. Abin da nake roƙo shi ne a yi amfani da wannan nauyin a kan farashin abinci, da yaran da ake tsarewa ba shari'a, da mutanen Tudun Biri da jirgin soja marar matuƙi ya kashe suna Mauludi a Disamban 2023. Kuma ina tsoron ranar da matasa za su daina jin maganar malami gaba ɗaya saboda sun ɗauka kowane rawani yana da farashi. In aka kai nan, wa zai tsayar da su ranar fitina? Mai son malamai da gaske shi ne yake so su yi nesa da ambulan ɗin gwamnati, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce ina so a raba addini da siyasa. Ban ce haka ba. Musulmi ba ya ajiye imaninsa a ƙofar rumfar zaɓe, Kirista ma haka. Cewa na yi a shigo da addinin gaba ɗayansa. Addinin da ya yi maganar shugabanci shi ne ya yi maganar amana, da adalci ko a kan wanda kake ƙi, da haramcin cin dukiyar jama'a. Tun daga Zamfara a 1999 jihohi goma sha biyu suka ƙaddamar da shari'a, iyayenmu suka yi murna saboda suna tsammanin adalci ya zo. A shekarar 2000 aka yanke hannun wani talaka a Zamfara saboda satar saniya. Shekara ashirin da wani abu ke nan, gwamna nawa ko kwamishina nawa kuka ji an gurfanar a kotun shari'a a kan kuɗin jama'a? Shari'ar Allah ba ta da laifi. Masu riƙe da ita ne suka mayar da ita taru mai kama ƙananan kifi.

Za a ce magana ba ta canza komai. Yaran da aka saki a Nuwamban 2024 da ɗalibin Dutse su ne amsar wannan.

To mu ɗalibai me ya rage mana? Mu fara da gidanmu. Ku dubi guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp. Admin zai rubuta ban da siyasa a nan, amma ranar da mai girma wane ya ba ƙungiya buhun shinkafa ashirin, hotonsa ne zai kwana yana yawo. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi sun koma masu buga lambar yabo, a sa babbar riga a je ofishin mai muƙami a miƙa masa allo, a fito da kuɗin mota, alhali kuɗin tallafin karatun 'yan jihar bai fito ba. Wasu abokanmu masu kaifin basira sun zama 'yan data, ana ba su abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba su kwana suna zagin duk wanda ya tambayi maigidansu. Mafi muni, akwai masu ɗaukar hoton rubutun ɗan ajinsu su tura wa wani babba don a yi maganinsa. Ɗan uwa, in kana yin wannan ka ji tsoron Allah. Wanda ka kai wa ƙarar yau, gobe in ka saɓa masa ya riga ya san yadda ake yi.

Abu na biyu, mu san haƙƙinmu da lambarsa. Kundin tsarin mulkin 1999 yana nan a intanet kyauta, babi na huɗu ba zai ci maka awa ɗaya ba. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in babu. Sashe na 38 'yancin addini, na 39 'yancin faɗar ra'ayi, na 40 'yancin taro da ƙungiya. Sashe na 38 ɗin nan shi ne hujjar 'yar uwarmu mai hijabi a Legas, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da haƙƙinta a 2022, kuma shi ne hujjar ɗalibin Kirista da yake neman wurin ibada a makarantar Arewa. Ku kuma san da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda da shi aka fi kama masu rubutu, an yi masa gyara a 2024 amma kamun bai tsaya ba. Saboda haka ka rubuta abin da za ka iya karewa. Ka soki aiki da hujja, ka bar zagin iyaye da ƙage, domin wannan ko addini bai ba ka ba.

Abu na uku, 2027 tana tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Za su dawo. Za a sake kawo mana maganar addini, da ta yanki, da hotunan ɗan takara a sahun farko ko a gaban Ka'aba. Duk wanda ya zo, malami ne ko shugaban ƙungiya ko babban yaya a unguwa, ya ce mu zaɓi wane saboda Allah, mu karɓe shi da girmamawa, mu ba shi wurin zama, sannan mu yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: Allah gafarta malam, in ya ci ya saɓa, za ka hau wannan minbarin ka kira sunansa kamar yadda ka kira yau? In ya ce eh, mu rubuta ranar mu ajiye. In ya fara kame-kame, mun san inda aka dosa.

Na huɗu kuma shi ne mafi wuya. Duk ranar da aka kama wani saboda magana, ko aka tsare shi ba shari'a, ko taro ya far masa, mu yi magana kafin mu bincika aƙidarsa. Ɗan Izala ya yi magana in an taɓa ɗan ɗariƙa, ɗan ɗariƙa ya yi in an taɓa ɗan Izala. Ɗan APC ya tambayi ina Dadiyata. Musulmi ya ce ba daidai ba ne in an zalunci Kirista, ba tare da ya jira sai an fara yi masa ba. Kare haƙƙin mutum bai zama yarda da ra'ayinsa ba. Kana iya yin muƙabala da shi gobe da safe, amma sai yana waje yana numfashi za a yi muƙabalar.

Mu ne za mu zama lakcarori da alƙalai da daraktoci da limamai nan da shekara goma sha biyar, in Allah ya ba mu rai. Wasunmu a kujerar kwamitin masallaci za su zauna, wata rana wani limami zai faɗi abin da bai yi wa mai kuɗin unguwa daɗi ba, takardar kora ta zo gabansu neman sa hannu. Halin da muka koya a guruf ɗin aji shi za mu kai can.

Wanda yake da saɓani da ni, bismillah, ga fili nan a ƙasa, ya kawo hujja zan karanta kuma zan amsa. Wanda ya zo da zagi ba zan goge ba, ba kuma zan kai ƙararsa ko'ina ba. Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, ya kare mana mutuncin malamanmu, ya bayyana Dadiyata, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Masu rubuta kundi, Allah ya sa sufabaiza ya sa hannu cikin sauƙi.